Gansakuka a Tankin Kiwon Murjani: Musabbabinta da Matakan Shawo Kanta

Tsakure

Wannan takarda ta dubi matsalar gansakuka, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke addabar masu kiwon murjani a tankunan gilashi na ruwan gishiri. Manufarta ita ce gano abin da ke sa gansakuka ta mamaye tanki, da kuma jera matakan shawo kanta ba tare da an cutar da murjanin ba. An bi hanyar bitar binciken da masana halittun teku suka gudanar a Hawayi da Jamaika da Ingila, aka gwama shi da dabarun da masu tankuna suka saba amfani da su. An ɗora nazarin a kan ra'in rinjaye na Littler da Littler. Takardar ta gano cewa yaɗuwar gansakuka alama ce ta rashin daidaito tsakanin abincin da ke narke a ruwa da halittun da ke cin ta, kuma ƙarar da wannan abinci ƙurmus yana da illa kamar yawansa. Ta ba da shawarar a fara da awo, a toshe kafar shigar ƙazanta, a cire gansakuka da hannu, a saki maciyanta, magani kuwa ya zamo matakin ƙarshe.

Fitilun kalmomi: murjani, gansakuka, naitiret, fosfet, maciya gansakuka.

1.0 Gabatarwa

Murjani dabba ne, duk da cewa mai kallonsa zai rantse dutse ne ko tsiro. Kowane reshe da ake gani taro ne na ƙananan halittu masu baki da 'yan hannuwa, waɗanda suka gina wa kansu ƙashi na kalsiyam suka zauna a kai. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya da masana ke kira zuzantali. Ita ke haɗa abinci da hasken rana ta ba murjani kaso mafi tsoka na abin da yake rayuwa da shi, shi kuma ya ba ta mafaka. Saboda haka duk wanda zai kiwata murjani a cikin ɗaki, tilas ne ya kunna masa fitila mai ƙarfi sa'o'i da yawa a kullum.

Daga nan matsalar ta taso. Hasken da ke ciyar da gansakukar cikin murjani shi ne ke ciyar da wadda ke tsirowa a kan dutse da yashi da gilashi. Ga shi kuma ruwan tanki tsararre ne. Kashin kifi da ragowar abinci ba su da igiyar ruwan da za ta kwashe su kamar yadda ake samu a teku. Bakteriya kan juya su daga amoniya zuwa naitirayit, sannan naitiret, fosfet kuma ya taru a gefe guda. Waɗannan biyu, naitiret da fosfet, su ne takin gansakuka. Lamarin ya yi kama da gonar da ta sha taki ta sami ruwa da rana: in ba a nome ta ba, ciyawa ce za ta riga shuka tashi.

Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: ta yaya za a hana gansakuka rinjaye a wurin da aka tanadar mata duk abin da take so, ba tare da an kashe wadda murjani ya dogara da ita ba?

2.0 Ra'in Bincike

A 1984, Mark Littler da Diane Littler suka gabatar da ra'in da ke cewa abubuwa biyu ne ke yanke hukuncin wanda zai mallaki fili a tsaunin murjani: yawan abincin da ke narke a ruwa, da yawan halittun da ke cin gansakuka. Idan abincin ya yi kaɗan, maciya suka yi yawa, murjani ne ke yin rinjaye. Idan duka biyun suka yi yawa, gansakuka mai ɓawon kalsiyam ce ke lulluɓe duwatsu. Idan duka suka yi kaɗan, gajeriyar gansakuka mai kama da darduma ce ke shimfiɗuwa. Idan kuwa abinci ya yi yawa, maciya suka ɓace, manyan nau'o'i masu ganye su ke mamaye komai. Amfanin wannan ra'i ga mai tanki shi ne, yana nuna masa cewa ragama biyu ke hannunsa, kuma jan ɗaya a bar ɗaya ba ya kai wa ga biyan buƙata.

3.0 Darussa Biyu Daga Teku

Gaɓar Kaneohe da ke tsibirin Oahu a Hawayi ta nuna aikin abinci mai yawa. Shekara da shekaru ana malala ruwan najasar gari a cikinta, har wata koriyar gansakuka mai suna Dictyosphaeria cavernosa ta lulluɓe murjani. Tsakanin 1977 da 1978 aka karkatar da bututun najasar zuwa can cikin teku, ruwa ya washe, murjani ya fara farfaɗowa. Sai dai gansakukar ba ta ɓace nan take ba. Ta ci gaba da zama har shekaru, domin lakar ƙasan gaɓar ta riga ta tara abinci tana sakinsa sannu a hankali. Ba ta faɗi warwas ba sai a 2006, bayan kusan mako shida na hadari da ruwan sama da suka tare mata rana.

Jamaika kuwa ta nuna abin da ke faruwa idan maciya suka ƙare. Yawan kamun kifi ya riga ya rage kifayen da ke cin gansakuka, aikin ya koma kan wata baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙaya, Diadema antillarum. Guguwar Allen ta farfasa murjanin a 1980, sannan tsakanin 1983 da 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar a yankin Karibiyan. A rahoton da Terry Hughes ya wallafa a mujallar Science a 1994, filin da murjani ya rufe ya faɗo daga sama da kashi 50 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 5, na manyan gansakuka kuwa ya tashi daga kashi 4 zuwa 92.

Abin da ya ɗauki shekaru a waɗannan wurare, 'yan makonni ya ishe shi ya faru a tanki mai lita 200.

4.0 Ire-iren Gansakuka da Alamominsu

Ba a maganin cutar da ba a gane ba, kuma kowane nau'i da abin da yake sanar da mai tanki.

Na farko shi ne dayatom, wanda ke bayyana kamar ƙura mai ruwan ƙasa a kan yashi da gilashin sabon tanki. Da silika yake gina ɓawonsa, kuma yakan janye da kansa idan silikar ta ƙare. In ya ƙi tafiya, to a tuhumi ruwan da ake ƙarawa.

Na biyu ita ce koriyar gansakuka mai gashi, irin su Derbesia, wadda ke fitowa a kan duwatsu tana kaɗawa da ruwa. 'Yar'uwarta Bryopsis, mai kama da gashin tsuntsu, ta fi taurin kai, domin tana kafa jijiya a ramukan dutse kuma maciya da yawa ba sa son ta.

Na uku ita ce Valonia, koren ƙwallo mai sheƙi da ke maƙalewa a lungun dutse ko gindin murjani.

Na huɗu ita ce sayanobakteriya. A ilimance bakteriya ce, amma a ido gansakuka ce: jar shimfiɗa mai santsi da ke rufe yashi, da 'yan kumfan iska a maƙale a ƙarƙashinta, in an sa bututu a gefenta sai ta ɗago gaba ɗaya kamar fata. Tana son wurin da ruwa ba ya gudu, inda datti ke kwanciya.

Na biyar su ne dainofilajilet, kamar Ostreopsis da Amphidinium. Sukan fito kamar majina mai ruwan ƙasa, da zare-zare masu kumfa a kai. Da asuba tanki zai yi fes, kafin azahar sun sake rufe yashi. Wasunsu na da dafi mai kashe katantanwa, kuma ba su bar mutum ba: a 2005 kusan mutum 200 suka nemi magani a Jenowa ta Italiya bayan shaƙar feshin teku a lokacin da Ostreopsis ta yaɗu. Saboda haka a sa safar hannu in za a taɓa su.

Akwai kuma wadda ake maraba da ita, wato gansakuka mai ɓawon kalsiyam, mai launin hoda ko shunayya. Inda ta rufe dutse, mai gashi ba ta samun wurin kamawa cikin sauƙi.

5.0 Yadda Gansakuka Ke Cutar da Murjani

Illar ba ta tsaya ga muni ko tare haske ba. Binciken Jennifer Smith da abokan aikinta na 2006 ya nuna cewa gansakuka na zubar da sinadarai masu sukari a ruwa, bakteriyar da ke jikin murjani ta ci ta hayayyafa, ta shanye iskar oksijin, naman murjanin ya mutu. Na Douglas Rasher da Mark Hay na 2010 kuma ya nuna cewa wasu nau'o'in na ɗauke da guba a fatarsu, duk inda suka goga murjani sai wurin ya yi fari. Kowane wurin da ya mutu sabon fili ne ga gansakuka. Wannan ya sa jinkiri ke da tsada.

6.0 Matakan Shawo Kan Matsalar

6.1 Awo

Kafin a taɓa komai, a auna ruwa. Gishiri ya tsaya a kan giram 35 a kowane kilo na ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyos. Mafi yawan ƙwararrun masu tankuna kan riƙe naitiret tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1. Akwai wani tarko a nan. Sau da yawa tanki kan cika da gansakuka mai gashi, amma awo ya nuna babu naitiret babu fosfet. Ba wai babu su ba ne. Gansakukar ce ke shanye su da zarar sun fito. Idan ido da ma'auni suka saɓa a irin wannan hali, a gaskata ido.

6.2 Toshe Kafar Shiga

Kafa biyu ce babba: ruwa da abinci. Duk wanda ke nesa da teku, kamar mazaunin Kano ko Yamai, sai ya haɗa ruwan gishirinsa da kansa. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse kan ɗauko silika da fosfet, da naitiret daga takin gonaki da masai. Abin da ya dace shi ne ruwan da aka matse ta na'urar tacewa mai siririn tantani, aka sake bi da shi ta ƙwayoyin da ke tsotse ragowar ma'adinai, har ma'auni ya nuna sifili. Da irin wannan ruwa ake kwaɓa gishiri, da shi kuma ake cike gurbin wanda ya tashi ya bi iska. Game da abinci, a ba kifi abin da zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu, kada kuma a tara kifin da ya fi ƙarfin tankin.

6.3 Fitar da Abin da Ya Riga Ya Shiga

Hanya mafi sauƙi ita ce canza kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan a kowane mako, tare da zuƙe dattin da ya kwanta a lunguna. Sai na'urar kumfa, ginshiƙin tsarin nan da ya shahara da sunan birnin Balin na Jamus. Tana cusa ƙananan kumfan iska a ruwa, ƙazanta ta manne musu, su hau da ita cikin kofi ta zama baƙin ruwa mai wari, a zubar tun ba ta ruɓe ta zama naitiret ba.

Dabara ta uku ita ce yaƙar gansakuka da gansakuka. Ana ware ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, a shuka Chaetomorpha, a haska ta da dare, a riƙa yanke ta ana zubarwa. Duk dunƙulen da aka cire ya fita da naitiret da fosfet a jikinsa. Walter Adey na Cibiyar Smithsonian ta Amurka ya ƙirƙiro makamanciyar wannan dabara tun ƙarshen shekarun 1970, inda ruwa ke bi ta kan raga mai haske, gansakuka ta tsiro a kai, a kankare ta lokaci-lokaci.

Fosfet na buƙatar haƙuri na musamman. Yana manne wa dutse da yashin kalsiyam, in an rage na cikin ruwa sai dutsen ya saki nasa, daidai da abin da lakar Kaneohe ta yi. Ana tsotse shi da tsakuwar tsatsar ƙarfe, amma a hankali, domin faɗuwarsa farat ɗaya na gigita murjani. Tsohon dutse kan yi watanni yana aman fosfet kafin ya tsane.

6.4 Hannu da Maciya

Maciya ba sa iya cin gansakukar da ta yi tsawo. Dole mai tanki ya fara tsige ta da hannu, yana zuƙe guntayen da bututu don kada su watsu. A Kaneohe ma haka hukumomi suka yi da wasu baƙin nau'o'i da aka shigo da su a shekarun 1970: masu ninƙaya suka zuƙe su da babban bututu, sannan daga 2011 aka fara sakin bushiyar Tripneustes gratilla da aka ƙyanƙyashe a hannu don ta cinye tohon.

A tanki, katantanwar Trochus da Turbo na lashe gilashi da dutse, ta Cerithium na bin yashi. Bushiyar Mespilia globulus na kankare dutse har ƙasa, ƙaguwar Mithraculus sculptus kan ci Valonia. Cikin kifaye akwai Salarias fasciatus, da dangin Siganus, da rawayan kifin nan Zebrasoma flavescens, wanda bai dace da ƙaramin tanki ba domin yana buƙatar filin iyo. Kada a zuba su da yawa. Idan gansakuka ta ƙare yunwa za ta kashe su, gawarsu ta mayar wa ruwa duk abin da suka ci.

6.5 Haske da Gudun Ruwa

Sa'a 8 zuwa 10 na haske ya wadatar, kuma a nisanta tanki daga tagar da rana ke shigowa. Rufe tanki ruf na kwana uku yana karya lagon sayanobakteriya, amma za ta dawo in ba a gyara tushen ba. A saita famfunan ciki yadda babu lungun da ruwa zai tsaya. Inda ake yawan ɗauke wuta, tanadin batir ko hasken rana ga waɗannan famfuna wajibi ne, domin tsayawar ruwa na 'yan sa'o'i kan kashe halittu, mutuwarsu kuma ta zama taki.

6.6 Magunguna

Masu tankuna kan yi amfani da fulukonazol, maganin cutar fangas na mutane, wajen kashe Bryopsis, da eritiromaisin wajen kashe sayanobakteriya. Suna aiki, amma suna da farashi. Eritiromaisin ba ya bambance bakteriya mai amfani da mai cutarwa. Gansakukar da ta mutu kuma ruɓewa take a cikin tankin, ta rage oksijin, ta saki duk abincin da ta tara, wani nau'in ya gaje filin. Magani na kashe abin da ido ke gani, ya bar dalilin fitowarsa.

7.0 Haɗarin Ƙarar da Abinci Ƙurmus

An daɗe ana koya wa masu tankuna cewa sifili shi ne buri. Gogewa da bincike sun rushe wannan. Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna a 2013 cewa idan naitiret ya yi yawa fosfet ya yi ƙaranci, zuzantali na shiga yunwa, murjani ya fi saurin yin fari da zafi ko haske mai ƙarfi. Masu tankuna kuma sun lura cewa dainofilajilet sun fi ɓarkewa a tankin da aka tsane tas, inda sauran ƙananan halittun da ke gogayya da su suka mutu. Maganinsu a irin wannan hali shi ne a sassauta tacewa, a bar naitiret da fosfet su ɗan ɗago har ma'auni ya gan su. Ga Ostreopsis, wadda ke barin yashi ta shiga ruwa da dare, fitilar ultirabayolet da ruwa ke bi ta cikinta na rage ta sosai. Abin nema dai shi ne kaɗan mai ɗorewa.

8.0 Amanar Zubar da Gansakuka

Abin da aka cire daga tanki amana ne. A 1984 aka ga ɗan facin Caulerpa taxifolia, nau'in da ake ƙawata tankuna da shi, a tekun da ke ƙarƙashin gidan adana halittun ruwa na Monako. Zuwa ƙarshen 2000 ta shafi sama da murabba'in kilomita 130 a gaɓar ƙasashe shida na Bahar Rum. A wannan shekarar ta ɓulla a Kalifoniya, aka lulluɓe ta da tamfol aka zuba mata kulorin, aka kashe miliyoyin daloli kafin a bayyana kawar da ita a 2006. Duk gansakukar da aka tsige, a daskarar da ita ko a shanya ta ta bushe, sannan a jefa a shara. Kada a zuba ta a magudanar da ke kaiwa teku.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa galibi gansakuka ba ta mamaye tanki sai abinci ya fi ƙarfin masu cinta, kuma abin da ya faru a Kaneohe da Jamaika shi ke maimaituwa a cikin gilashi. Ta nuna cewa jerin matakan na da muhimmanci: a gane nau'in, a auna ruwa, a tsabtace ruwan da ke shiga, a rage abinci, a fitar da wanda ya taru, a tsige da hannu, a saki maciya daidai gwargwado. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, a ba shi makonni kafin a yanke hukunci, a kuma rubuta sakamakon kowane awo. Kira ga masu tankuna da masu sayar musu da kaya shi ne su daina gabatar da kwalbar magani a kan ma'auni. Kira ga malaman kimiyyar halittu kuwa shi ne su ɗauki tankin murjani a matsayin ɗakin gwaji, wanda zai nuna wa ɗalibin da bai taɓa ganin teku ba yadda ƙazantar ruwa da yawan kamun kifi ke rusa tsaunukan murjani. Murjani halitta ne mai rai da aka raba da muhallinsa, kuma wanda ba zai iya ba shi ruwa mai tsabta da kulawar kowane mako ba, gara ya bar shi a teku.